Daga Tama Zuwa Tsatsa: Tarihin Ƙarfe a Ƙasarmu

Nufina a wannan fitowa shi ne in nuna cewa lissafin nan na cajin sinadarai da muka haddace a ajin kemistiri, kakanninmu sun daɗe suna aiki da shi tun ba a sa masa suna ba.

Kowane ɗan Daura ya san labarin Bayajida, yadda ya biya wajen maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu da ita. To, daga ina ƙarfen ya fito? Daga tama. Tarihin Kano ma ya ce neman tama ya kawo Abagayawa daga Gaya zuwa Dala, kuma masu binciken kayan tarihi sun gano alamar dafa tama a can tun wajen ƙarni na 7.

A jar tama, kowace ƙwayar ƙarfe ta yi asarar ilektiron 3, watau cajinta +3, ita kuwa oksijin -2. Ƙarfe biyu +6, oksijin uku -6, lissafi ya tashi babu. Wannan ƙarfe mai +3 shi ke ba jar ƙasa launinta. Aikin mai dafa tama shi ne ya sauko da shi daga +3 zuwa sifiri. Sai ya jera tama da gawayi a tanderu, wuta ta ci har zafi ya haura digiri 1,000, iskar da gawayi ke fitarwa ta janye oksijin, a sami curin ƙarfe a kai maƙera. In aka bar fartanya a damina kuwa, sai ta yi tsatsa, ƙarfe ya koma +3 inda ya fito.

Turawa sai daga baya suka sa wa abin suna. A 1834 Michael Faraday na Ingila ya shigo da kalmar ayon, a 1919 kuma Alfred Stock na Jamus ya kawo tsarin rubuta lambar ƙarfe a gefen sunansa, irin wanda muka yi jarrabawa da shi.

Amma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da ɓaraguzan motoci suka wadata, maƙera suka koma kansu, dafa tama ya mutu. Ƙira tana nan, sanin dafa tama ne ke bin dattawa kabari.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta tura ɗaliban kimiyya gidajen maƙera na Daura, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, su rubuta abin da tsofaffi suka ji daga iyayensu: inda ake haƙo tama, da icen da ake gawayinsa. Yaron da ya ji wannan a bakin kakansa ba zai ɗauki kemistiri baƙon ilimi ba.