Takalmin da babu dabba a jikinsa: Yadda masu aƙidar 'vegan' ke nemansa da irin sassaucin da suke yi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sayen takalmi ya fi ba su wahala a kan zaɓen abincin da za su ci. Su ne waɗanda ake kira 'vegan' a Turance, wato masu ƙaurace wa duk abin da aka samo daga jikin dabba, kamar nama da madara da ƙwai da zuma da ulu da siliki da fata. Abin da ke cikin kwano ido na iya ganinsa, ko kuma a karanta shi a jikin kwali. Takalmi kuwa haɗin abubuwa ne da dama, wasu a ɓoye, kuma ba kasafai mai sayarwa ya san da me aka yi su ba.

Lamarin ya shafi kasuwar fata ta duniya, wadda Najeriya ke da kaso a cikinta, don haka yana da kyau a san yadda yake.

Asalin aƙidar

An ƙirƙiri kalmar 'vegan' a Ingila a watan Nuwamban 1944, lokacin da Donald Watson da wasu abokan tafiyarsa suka kafa ƙungiyar Vegan Society, bayan sun ga cewa barin nama kaɗai bai wadatar ba matuƙar ana shan madara ana cin ƙwai. Ma'anar da ƙungiyar ke amfani da ita a yau ta ce manufar ita ce a guji ci da gumin dabbobi da azabtar da su don abinci ko sutura ko wata buƙata, iyakar abin da zai yiwu kuma za a iya aikatawa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙofar duk wani sassauci da mabiya ke yi, kuma a kan takalmi aka fi buƙatarsa.

Doka ma ta fara sanin da zamansu. A watan Janairun 2020, wata kotun ɗa'ar ma'aikata a birnin Norwich na Ingila, a shari'ar Jordi Casamitjana, ta yanke hukuncin cewa wannan aƙida tana cikin waɗanda Dokar Daidaito ta 2010 ta ba wa kariya. Tun daga nan batun kayan aiki da takalman da ma'aikatu ke raba wa ma'aikatansu ya ƙara jan hankali a ƙasar.

Inda dabba ke ɓuya a jikin takalmi

Fatar da ke saman takalmi ita ce kowa ke gani, amma ba ita kaɗai ba ce. Sau da yawa saman na yadi ne ko na roba, alhali shafin ciki ko shimfiɗar da tafin ƙafa ke takawa na fatar akuya ne ko ta tunkiya ko ta alade. Takalman sanyi kan zo da shafin ulu. Wani kambas ɗin ma akan liƙa masa 'yar fata a diddige don a buga sunan kamfani.

Sai kuma gam. A da, ana dafa ƙasusuwa da kofato da guntayen fata ne a samar da shi, wani kuma daga madara ake fitar da shi. Manyan masana'antu a yau sun koma gam na sinadarai saboda ya fi riƙo, sai dai kamfanoni da yawa ba sa iya rantsuwa a kan abin da ke cikin gam ɗin da kowace masana'antar da ke yi musu aiki ta saya. Man goge takalmi kan ƙunshi kakin zuma ko maiƙon ulun tumaki. Hatta robar ƙasan takalmi, akwai sinadarin da ake sa mata wajen sarrafawa wanda a wasu lokuta daga kitsen dabba ake samunsa.

A fagen wasanni, an daɗe ana yin takalman ƙwallon ƙafa masu tsada da fatar kangaru ta Ostireliya saboda laushinta da ƙarfinta. A 2023 kamfanonin Puma da Nike suka sanar da cewa za su daina amfani da ita.

Yadda ake karanta alamar da ke jiki

Tun 1994 Tarayyar Turai ta wajabta a bayyana abin da aka yi takalmi da shi a sassa uku: sama, shafin ciki da shimfiɗa, sai kuma ƙasan da ke taka ƙasa. Yawanci ana yin haka da ƙananan zane-zane a kan wata 'yar takarda da ake liƙawa a ciki ko a ƙasan takalmin. Zanen shimfiɗaɗɗiyar fata na nufin fata ce ta gaske. Idan fatar na cikin wata siffa mai kusurwa huɗu, irin ta zi a karta, to fata ce da aka lulluɓe da roba. Zanen saƙa na nufin yadi, siffar zi ita kaɗai kuma na nufin wasu kayan daban, galibi roba.

Dokar na da giɓi. Abin da ya kai kashi 80 cikin 100 na kowane sashe shi ake bayyanawa, saboda haka ƙaramin ado na fata na iya wucewa ba a ambata ba. Ba ta ce komai a kan gam ba, ba ta kuma tilasta a faɗi irin dabbar ba, ga shi zanen yadi ya haɗa auduga da ulu da siliki wuri guda. Wannan giɓi ya shafi Musulmi da Yahudawa masu gudun fatar alade, waɗanda kan gane ta da ƙananan ramukan gashi da ke fitowa uku-uku.

Don cike giɓin ne wasu ƙungiyoyi ke ba da tambarin shaida. Vegan Society ta fara ba da nata, mai hoton fure, a 1990, ita ma ƙungiyar PETA tana da nata. Akwai kuma shaguna da kamfanonin da ba sa taɓa fata sam, kamar Vegetarian Shoes da aka kafa a Brighton a 1990, da kamfanin Stella McCartney da ya fara aiki a 2001.

Abin da ake sawa a madadin fata

Neman madadin fata ya girmi wannan yayi. A 1963 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da Corfam, wata fatar roba da aka yi wa gagarumin talla. Masu saye suka yi ta ƙorafin cewa ba ta saki ta bi siffar ƙafa kamar fata, kuma a 1971 kamfanin ya daina yin ta bayan ya tafka asara.

A yau mafi yawan abin da ake kira fatar 'vegan' roba ce da aka samo daga man fetur aka shafa a kan yadi. Iri biyu ne suka fi yawa: PVC, wadda ta fi araha da tauri, da PU, wadda ta fi laushi da kama da fata. Akwai wani nau'i mai inganci da ake yi da siraran zaruruwa, wanda ya fi sauran ƙarko da shan iska, kuma shi kamfanonin da suka ƙware suka fi so.

A 'yan shekarun nan an samu waɗanda ake haɗawa da tsirrai. Carmen Hijosa, 'yar ƙasar Sifaniya da ta daɗe a harkar kayan fata, ta samar da Piñatex daga zaren ganyen abarba da manoman Filifin ke zubarwa. A Meziko, Adrián López Velarde da Marte Cázarez sun fito da Desserto daga wata irin murtsunguwa, suka baje kolinsa a Milan a 2019. A Italiya ana amfani da tuƙar tuffa da ta inabi da ta rage bayan an matse ruwan. Kamfanin Bolt Threads na Amurka ya yi Mylo daga saiwoyin laimar kwaɗi, har Adidas ya nuna samfurin takalmi da shi a 2021, amma a 2023 aka dakatar da yin sa saboda rashin jari.

Gaba kura, baya sayaki

A nan ne mai aƙidar ke shiga tsaka mai wuya. Ya guje wa fata don tausayin dabba, sai ya tarar da roba a gabansa. Roba ba ta ruɓewa cikin sauƙi, tana karyewa ta zama ƙananan ɓurɓushi da ke shiga ruwa da cikin kifi da tsuntsaye, kuma ƙona PVC na fitar da hayaƙi mai guba. Fatar PU mai araha kan tsattsage ta riƙa ɓarewa, musamman a wuri mai zafi da laima, kuma idan ta fara babu mai gyaran da zai iya ceto ta. Takalmin fata mai kyau kuwa ana iya shafa masa mai, a sake masa ƙasa, ya yi shekaru yana aiki.

Na tsirran ma ba su tsira gaba ɗaya ba, domin yawancinsu sai an haɗa su da roba kafin su yi ƙarfi su hana ruwa shiga. Wani bincike da cibiyar FILK ta birnin Freiberg a Jamus ta wallafa a 2021 ya gwada irin waɗannan kayayyaki da fata, ya gano cewa babu ɗaya da ya kamo ta a dukkan fannonin da aka auna.

Ita ma fatar tana da nata laifin. Mafi yawan fatar duniya ana jeme ta ne da gishirin kuromiyam, wanda ke gurɓata ruwa idan ba a tace dattin masana'anta ba. Unguwar Hazaribagh a Dhaka ta Bangaladesh ta yi ƙaurin suna a kan haka har hukumomi suka tilasta wa majema ƙaura zuwa Savar a 2017. Kiwon shanu kuma na cikin manyan hanyoyin fitar da iskar da ke ɗumama duniya.

Masana'antun fata na cewa don nama ake yanka dabba, fatar saura ce da za a binne in ba a yi amfani da ita ba. Masu aƙidar na mayar da martani cewa kuɗin fatar na ƙara wa mahauta riba, kuma akwai dabbobi kamar kada da mesa da fatarsu ce babban dalilin kashe su.

Irin sassaucin da ake yi

Tambaya ta farko ga sabon shiga ita ce yadda zai yi da takalman fatar da ya riga ya mallaka. Da yawa kan ci gaba da sa su har su mutu, bisa hujjar cewa zubar da su ba zai dawo da dabbar ba. Wasu kan bayar da su kyauta domin ba sa son a gan su da fata.

Ta biyu ita ce gwanjo. Wasu na ganin sayen tsohon takalmin fata ya fi sayen sabon na roba sauƙin illa, tun da ba a yanka wata dabba dominsa ba. Masu tsauri na cewa sa fata ko wace iri ce na nuna wa jama'a cewa babu laifi a cikinta.

Ta uku larura ce. Ma'aikacin gini ko na kashe gobara ko soja na iya samun kansa cikin takalmin da hukuma ta tsara, haka ma mai ciwon suga ko mai naƙasar ƙafa da likita ya rubuta masa na musamman. A irin wannan hali akan koma ga sharaɗin nan na iyakar abin da zai yiwu.

Akwai kuma batun aljihu. Takalmin da ya haɗa rashin dabba da ƙarko da kyautata wa ma'aikatan da suka ɗinka shi yana da tsada. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya sayi na roba mai araha, ya san kuma araha ba ta ado. Wasu ma na muhawara a kan ko ya dace a sayi samfurin 'vegan' daga kamfanin da yawancin cinikinsa na fata ne, kamar Dr. Martens.

Indiya ta daɗe da nata mafitar. Mahatma Gandhi ya ƙarfafa yin takalma da fatar shanun da suka mutu da kansu, abin da ake kira fatar 'ahimsa', ma'ana wadda ba a cutar da rai ba wajen samunta. Mabiya addinin Jain masu tsauri kuwa na guje wa fata baki ɗaya.

Abin da ya shafi Najeriya

Sunan da ake kiran kayan ma ya zama abin rikici. Italiya a 2020 da Fotugal a 2022 sun kafa dokokin da suka hana a kira wani abu fata idan ba daga dabba ya fito ba. Italiya da Sifaniya kuma su ne manyan masu sayen fatar awaki da tumaki da ake jemewa a Kano, a yankunan masana'antu irin su Challawa da Sharaɗa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun zamanin fataucin Sahara, lokacin da ake kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi. Duk sauyin da aka samu a ra'ayin masu saye a Turai na iya taɓa majema da dillalai da makiyaya a nan.

Najeriya na da abin da za ta nuna a ɓangarorin biyu. Jimar gargajiya da bagaruwa, wadda majeman Arewa suka gada, ba ta buƙatar kuromiyam, kuma akwai Cibiyar Nazarin Fata da Fasahar Kimiyya ta Najeriya a Zariya da ke bincike a fannin. A ɗaya ɓangaren, masu ɗinkin takalma na kasuwar Ariaria a Aba na amfani da fatar roba sosai, yayin da silifa da takalmin da ake yankawa daga tsohuwar taya suka daɗe a ƙafafun talakawa ba tare da wani tambari ba.

Shawarar da ta fi yawo a tsakanin mabiya aƙidar ita ce a rage yawan saye, a zaɓi wanda mai gyara zai iya sake wa ƙasa, a rubuta wa kamfani a tambaye shi game da gam da shafin ciki, sannan a kula da takalmin ya daɗe. Wanda ya yi shekara biyar da takalmi ɗaya ya rage wa dabba da muhalli nauyi fiye da wanda ke sauya sabo duk bayan wata shida, ko da me aka yi shi.