Kwalbar ruwa-ruwa da babur: Adar a inuwar man maƙwabta

Duk wanda ya bi titin Birnin Ƙwanni zuwa Tawa a shekarun 1990 da na 2000 ya san kwalaben nan da ake jerawa bisa tebur a bakin hanya, cike da esansi. Ruwa-ruwa ake kiransa. Daga Najeriya yake shigowa ta Illela, domin can gwamnati tana biya wa ƴan ƙasarta wani kaso na kuɗin mai, rahusar kuwa sai ta tsallako iyaka cikin jarkoki. Kamfanin Sonidep, da aka kafa a 1977 don ya riƙe shigo da mai, bai iya karya wannan kasuwa ba.

Tun kafin Nijar ta haƙo ko ɗigo guda, man maƙwabta ya riga ya shiga tukunyar Ba'adare. Adar ƙasa ce ta duwatsu da ƙarancin ruwa, ci-rani kuma tsohuwar al'adarta ce. Amma farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun mai da tafiyar rani ta zama ta shekaru. Samarin Keita, Buza da Barmu suka bazu Abijan, Legas, daga baya Libiya, biyun ƙarshen nan kuwa kuɗin fetur ne ke jan mutane zuwa gare su. Suna dawowa da rediyo, da kwanon rufi, da atamfar lefe. A shekarun 2000 babura masu araha na Sin suka cika gari, kabu-kabu ya zama sana'ar wanda bai sami aiki ba, har saurayin da ba shi da babur ya soma jin nauyin zuwa zance. Jaki yana cin abin da ya tsiro a gida, shi kuwa babur ba ya motsi sai da abin da aka ɗauko daga wata ƙasa.

Arewa da nan, a Azawak, farin ya kora samarin Abzinawa zuwa Aljeriya da Libiya, wasu suka shiga sojan Gaddafi. Dawowarsu ce ta kai ga rikicin Cintabaradan na watan Mayu 1990, da kisan da sojoji suka yi bayansa, wanda ya buɗe ƙofar tawaye. Da mulkin Gaddafi ya faɗi a 2011, ƴan ci-rani suka komo hannu rabbana, makamai kuma suka malalo zuwa arewacin Mali. Ran 6 ga Oktoba 2016 aka kashe sojoji 22 a Tazalit, inda ƴan gudun hijirar Mali ke zaune. Bayan mako guda aka sace Ba'amurke Jeffery Woodke a Abalak. A 2017 aka sa Tasara da Tiliya cikin dokar ta-ɓaci. Sai ranar 21 ga Maris 2021, da mahara suka afka wa Intazayan, Bakorat da Wistan, gwamnati ta ƙidaya gawa 137. Bisa babura suka zo.

A majalisun Tawa an jima ana gardama kan mafarin wannan masifa. Malamai masu wa'azi suna ɗora laifin bisa son abin duniya: yaron da ya tashi yana auna darajarsa da babur da salula, in ji su, wanda ya miƙa masa biyun ya saye shi. Ƴan ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula suna nuna Faransa da OTAN da yatsa, suna cewa don fetur aka rusa Libiya, don uraniyom aka shimfiɗa titin Tawa zuwa Arlit, ba don albasar Adar ba. Wannan ra'ayi ya sami kujerar mulki bayan juyin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa kuma suka fice a Disamban shekarar. Makiyaya, waɗanda ba a cika tambaya ba, su rijiya suke ambata, da satar shanu, da alƙalin da ke nesa.

Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, na makiyaya ma ya fi nauyi. Sai dai biyun farko suna da sauƙin faɗa, don laifin yana kan wani: ko yaro marar tarbiyya, ko Bature. Abin da ke da wuyar faɗa shi ne jarkar da ke kai ɗan kabu-kabu kasuwa da wadda ke kai mahari Tiliya ta hanyoyin fasa-ƙwauri iri ɗaya suke bi. Shi ya sa duk lokacin da hukuma ta hana hawan babur ko sayar da mai a jarka domin ta shaƙe mahara, mai haƙuri da ke neman likita shi ke fara jin shaƙar.

Matatar Soraz ta Damagaram ta soma aiki a Nuwamba 2011, da ƙarfin tace ganga 20.000 a rana, aka yi zaton an rabu da dogaro. Ruwa-ruwa ya ci gaba da shigowa, tun da ya fi araha. Da shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kwalbar ta yi tsada, masu saye suka koma gidajen mai, Soraz kuwa ta kasa ɗaukar su duka. A Maris 2025, kusan shekara guda bayan ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin, layuka suka miƙe a gidajen man Nijar, sai da tawaga ta tafi Abuja neman tankoki.