Auren da Aka Ɗaura a Ƙetare: Wa Ke Riƙe da Shaidarsa a Gida?

Daga Sabon Birni zuwa Tsibiri tafiya ce ta 'yan sa'o'i, kuma duka biyun garuruwan Gobirawa ne da suka kafu bayan faɗuwar Alkalawa a 1808. Amma yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906 sun ratsa ƙasar Gobir, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa kuwa hannun Ingila. Tun daga nan, wanda ya auro 'yar kawunsa a Tsibiri ko Maraɗi, a idon hukuma ya yi aure ne a ƙasar waje.

Ikkilisiya ma ta rabu haka. Mishan ta SIM ta kafa tasha a Tsibiri kafin 1930. Daga aikinta aka sami ECWA a Nijeriya a 1954, aka kuma sami EERN a Nijar. Bangaskiya ɗaya, littafin waƙoƙi ɗaya, amma dokar aure biyu.

Yadda Turawa suka bi mutanensu

Ingila ta daɗe da wannan matsala, domin mutanenta sun bazu cikin duniya. Dokarta ta auren ƙetare ta 1892 ta ba jami'an jakadanci ikon ɗaura aure a ofishinsu, su rubuta, su aika kwafi ga babban magatakarda a gida. Dokar jiragen ruwan kasuwanci ta 1894 kuma ta wajabta wa shugaban jirgi ya rubuta duk auren da aka yi a cikin jirginsa a littafin tafiya, da sunaye da shekarun ma'auratan. Sai dai a lura, rubutun shaida ne kawai cewa abin ya faru, bai ba shugaban jirgi ikon ɗaura aure ba. Rubuta aure daban, ingancinsa daban.

Abin da Nijeriya ta gada

Dokar aurenmu ta samo asali daga ta 1914, shekarar haɗe Arewa da Kudu. A cikin gida tana bukatar sanarwa ta kwana 21 a wurin magatakardan aure, da takardar izininsa, da majami'a mai lasisi, da shaidu biyu. Bayan ɗaurin aure fasto zai aika wa magatakarda kwafin takardar cikin kwana 7. In babu izinin magatakarda, abin da aka yi a majami'a sa albarka ne, ba auren doka ba.

Game da ƙetare, hanya biyu ce. Ta farko, ɗan Nijeriya zai iya yin aure a gaban babban jami'in jakadancin ƙasarsa, a cikin ofishinsa, a ɗauke shi kamar an yi a gaban magatakarda a gida. Ta biyu tana cikin dokar shari'ar aure ta 1970: auren da bai cika ƙa'idodin ɗaurin aure na ƙasar da aka yi shi ba, ba ya tsayuwa. Wato dokar wurin da aka ɗaura ita ce ma'auni.

Manomin Isa ba zai je ofishin jakadanci a Yamai don aure ba, saboda haka hanya ta biyu ce tamu. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda rubuta haihuwa da aure da mutuwa aikin ofishin magajin gari ne. Littafin ikkilisiya ba ya maye gurbin takardar da wannan ofishi ke bayarwa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa sun tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi. A can matasa sun yi aure, an haifi 'ya'ya. Ranar da maigida ya rasu, dangi suka taso kan gona ko kuɗin sallama, gwauruwa za ta tsaya gaban alƙali, kuma ba hoton biki za a tambaye ta ba.

Don haka, in ma'aurata sun dawo daga ƙetare, fasto ya tambayi takardar hukumar can tun suna da rai da lafiya. In babu, ya ƙarfafa su su koma su nema, ko su je wurin magatakardan aure na ƙaramar hukuma ya nuna masu hanya. Ya rubuta wa faston da ya ɗaura auren, ya ajiye kwafi a littafin ikkilisiya, da kwanan wata da sunayen shaidu. Kada ya ce masu auren farko ba aure ba ne a gaban Allah. Abin da ya ɓace shaida ce.

A Littafin Rut sura 4, Bo'aza bai ɗauki Rut mutuniyar Mowab a ɓoye ba. Ya tara dattawa goma a ƙofar gari suka zama shaidu, domin kada wani ya tashi gobe ya yi wa baƙuwa gardama. Makiyayin da ke hidima a bakin iyaka, wannan aiki nasa ne.