Tsami da Kanwa a Ilmin Sinadarai

Farkon abin da ya wajaba ɗalibin ilmin sinadarai ya sani, ko a Dingyaɗi yake karatu ko a birnin Sakkwato, shi ne bambancin asid, mai tsami irin na tsamiya da yakuwa, da kishiyarsa alkali, irin kanwa da ruwan toka. Mizaninsu pH, wanda masani Sørensen ya ƙago a 1909, yakan kama daga 0 zuwa 14, tsantsar ruwa na kan 7, asid ƙasa da haka, alkali sama. Idan aka gama su, kowane sai ya karya ƙarfin ɗan'uwansa, wanda shi ne sababin da kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya, har kumfa ta taso saboda iskar kabon da ke fita.