Tarihin Kafuwar Zauren Gwarzayen Besbol a Garin Cooperstown

A ƙarshen tafkin Otsego ta kudu, daidai inda kogin Susquehanna yake ɓullowa ya kama hanyarsa zuwa teku, cikin jihar Niyok ta ƙasar Amurka, akwai wani ɗan gari mai suna Cooperstown, wanda Alƙali William Cooper ya kafa a shekarar 1786 a ƙasar da asalinta ta Indiyawan Irokwa ce, aka kuma mai da shi mazaunin hukumar gundumar Otsego a 1791, har yau kuwa can kotun gundumar take, alhali jama'arsa ba ta kai mutum 2,000 ba.

A ƙarni na 19 arzikin yankin ya dogara ne ga noman wani tsiro mai suna hops da ake sawa cikin giya, amma da cuta ta faɗa wa gonaki, sannan hukuma ta haramta giya a 1920, sai kasuwarsa ta mutu murus, kafin kuma mutane su farfaɗo sai ga karayar tattalin arziki ta 1929.

Abin da ya tsare garin daga zama kufai shi ne dukiyar gidan Clark, wadda kakansu Edward Clark ya tara bisa tarayyarsa da Isaac Singer, mai keken ɗinkin nan da telolinmu suka sani farin sani. Zuriyar Edward Clark ta gina babban masauki na Otesaga a bakin ruwa a 1909, ta gina asibitin Bassett, daga baya jikansa Stephen Clark ya yi tadabburi a kan abin da zai jawo baƙi, ya same shi a cikin wata riwaya.

Riwayar kuwa ita ce, wani kwamiti ya yanke hukunci a 1907 cewa Abner Doubleday ne ya ƙago wasan besbol a wannan gari a 1839, hujjarsu kuma ba ta wuce wasiƙar wani dattijo guda, Abner Graves, ba. Malaman tarihi da suka yi tahaƙiƙi sun iske isnadin nan mai rauni ne ƙwarai, domin a shekarar da ake magana Doubleday ɗalibi ne a makarantar soja ta West Point, bai kuma taɓa da'awar abin da aka jingina masa ba. Duk da haka a kan riwayar aka aza harsashin zauren gwarzayen besbol: aka zaɓi gwarzaye biyar na farko a 1936, cikinsu har da Babe Ruth da Ty Cobb, aka buɗe zauren ran 12 ga Yuni, 1939.

Tun daga nan maziyarta suke kwararowa, sukan haura 200,000 a shekara, musamman cikin Yuli lokacin da ake shigar da sababbin gwarzaye, inda za ka ga kantunan babban titi maƙil da huluna da sandunan wasa, uba riƙe da hannun ɗansa yana karanta masa sunaye a allunan tagulla da ke jere a bango. Zauren da kansa ya daina kare riwayar Doubleday, amma bai rasa mai ziyara ba saboda haka. Ashe abin da ya rayar da garin shi ne himmar masu hali da suka zuba dukiyarsu a mazauninsu.