Yadda ake haɗa filashin farfaɗo da kwamfuta ta hannu

Galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu da ake saye a kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja ba sa zuwa da faifan farfaɗo da Windows. Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, dole mai ita ya miƙa ta ga mai gyara, da duk takardu da hotunan da ke cikinta.

Windows 10 da 11 suna da manhajar Recovery Drive don maganin wannan. Ana buƙatar filashi mai aƙalla gigabait 16, kuma duk abin da ke kansa zai goge. A jona kwamfutar da wuta, a buɗe manhajar, a bar zaɓin kwafe fayilolin Windows a kunne. Aikin kan ɗauki lokaci.

Idan matsala ta auku, a soka filashin, a kunna kwamfutar ana danna F9 a HP, ko F12 a Dell.

Filashin ba ya adana takardun mai kwamfuta, kuma sake girka Windows daga gare shi yana share su. Don haka a kwafe su a wani wuri daban, tun kwamfutar tana lafiya.