666: Lambar Wane Ne, Kuma Me Ya Sa Wasu Tsofaffin Takardu Suka Ce 616?

Idan kana cikin rukunonin WhatsApp a shekarar 2020, da wuya a ce saƙon bai zo maka ba: wai allurar korona na ɗauke da “alamar dabba”, wai duk wanda aka yi wa ya karɓi 666. Kafin korona, layukan nan baƙaƙe da ke jikin kayan kanti aka ɗora wa laifin, kafin su kuma sarakuna da fafaromomi. Maganar ba ta wasa ba ce, domin akwai mutanen da suka ƙi rigakafi, wasu suka ƙi rajistar katin shaida, saboda tsoron lamba guda. To daga ina ta fito, kuma me mutanen farko da suka ji ta suka fahimta?

Littafin da zamaninsa

Lambar tana cikin littafi na ƙarshe na Sabon Alkawari, wanda fassarorin Hausa ke kira Wahayin Yahaya ko Ru’ya ta Yohanna, a sura ta 13, aya ta 18. Marubucin ya ambaci sunansa, ya ce yana tsibirin Batmusa, wanda yau ke cikin ƙasar Girka, ya kuma aika saƙon ga ikilisiyoyi bakwai da ke yammacin Turkiyya ta yau, cikinsu har da Afisa, da Samirna wadda ita ce Izmir, da Birgamas. Da Girkanci ya rubuta. Akasarin masana tarihi na sanya rubutun a wajajen shekara ta 95 Miladiyya, ƙarshen mulkin Sarki Domitian na Rum, wasu tsiraru kuma na ganin ya rigayi haka, ƙarshen shekarun 60.

Kalmar Girkanci da ta buɗe littafin ma’anarta yaye mayafi ne, wato bayyana abin da ke ɓoye. Irin wannan rubutu sananne ne a wajen Yahudawan lokacin: dauloli su kan fito a siffar namun daji, sarakuna a siffar ƙahoni. Littafin Daniyel ya yi haka a sura ta 7, da dabbobi huɗu masu fitowa daga teku. Saboda haka mai sauraro a Afisa da ya ji an ambaci dabba mai kawuna bakwai, ya san mulki ake nufi. Littafin ma bai ɓoye sosai ba, don a sura ta 17 ya fassara kawunan da tuddai bakwai, kuma kowa a lokacin ya san birnin da ke kan tuddai bakwai shi ne Rum.

Matsin da suke ciki kuwa na gaske ne. Tun shekara ta 29 kafin haihuwar Almasihu aka ba da izinin gina haikali don Sarki Augustus a Birgamas, Afisa ma ta samu nata haikalin sarakuna a zamanin Domitian. Bautar sarki ta shiga bukukuwan gari, da ƙungiyoyin sana’a, har kuɗin da ake ciniki da shi na ɗauke da hoton sarki da laƙabobinsa. Wajajen shekara ta 112, gwamna Pliny ya rubuta wa Sarki Trajan cewa yana gwada waɗanda ake zargi da Kiristanci ta hanyar sa su miƙa turare da ruwan inabi gaban gunkin sarki. Wanda ya ƙi, kisa ne. Ka ga maganar cewa ba mai saye ko sayarwa sai da alamar dabbar ba ta buƙatar wata na’urar zamani kafin ta yi ma’ana. Kalmar da aka fassara da “alama” ma ita ake amfani da ita ga hatimin hukuma a jikin takardu da tambarin da ake bugawa a kan tsabar kuɗi.

Lokacin da haruffa ke zama lambobi

Girkawa da Yahudawa ba su da alƙaluman 1, 2, 3 da muke amfani da su, haruffansu ne lambobinsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malaman zaure ya san hisabin abajada, inda alif ke ɗaya, ba biyu, jim uku. Marubutan waƙoƙin ajami kan ɓoye shekarar da suka kammala waƙa cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi. To haka abin yake a can: kowane suna na da jimla.

Kuma mutanen gari na wasa da hakan. A bangon Pompeii, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an samu rubutun wani da ke shelar yana son wata mace mai lamba 545. Ita ta gane, maƙwabta kuwa sai su yi ta lissafi. Masanin tarihin Rumawa Suetonius ya kawo wani zambo da aka yi wa Sarki Nero: sunansa da Girkanci na ba da 1005, jimlar da ta yi daidai da ta kalmomin da ke cewa ya kashe uwarsa. Ya kuma kashe ta ɗin, Agrippina, a shekara ta 59.

Ayar Wahayin ita ma ta gayyaci mai hankali ya yi lissafi, ta ce lambar ta mutum ce. A shekarun 1830 wasu masana Jamusawa, kowa ta hanyarsa, suka gwada rubuta “Neron Kaisar” da haruffan Ibrananci. Ga yadda ya fita: nun 50, resh 200, waw 6, nun 50, jimla 306. Sai kof 100, samek 60, resh 200, jimla 360. Haɗa su, 666. An yi ta musun cewa an murɗa rubutun ne don ya dace, sai daga baya aka tono wata takardar bashi da yaren Aramaik a Wadi Murabba’at kusa da Tekun Gishiri, mai kwanan watan shekara ta biyu ta mulkin Nero. Ko da yake ta ɗan lalace, masu karanta ta na ganin da irin waɗannan haruffa aka rubuta sunan.

Me ya sa Nero? Shi ne bayan gobarar Rum ta shekara ta 64 ya ɗora wa Kiristoci laifi, aka ƙona wasu, aka jefa wa karnuka wasu, kamar yadda Tacitus ya ruwaito. Ya kashe kansa a shekara ta 68, amma jita-jita ta ƙi mutuwa: wai yana raye, ya gudu gabas wajen Fartiyawa, zai dawo da runduna. Cikin shekaru ashirin da suka biyo baya an samu mutane har uku da suka fito suna cewa su ne Nero. Wannan ya yi daidai da abin da sura ta 13 ta ce, cewa ɗaya daga kawunan dabbar ya samu raunin ajali amma ya warke.

Matsalar 616

A 1999 aka wallafa wani guntun takardar gargajiya da aka tono a juji a Oxyrhynchus ta Masar, wanda masana ke kira Papyrus 115, na ƙarni na uku ko farkon na huɗu. A cikinsa lambar 616 ce. Haka take a wani kundi na ƙarni na biyar da ke ajiye a birnin Paris. Bishop Irenaeus na Lyon, wajajen shekara ta 180, ya san da wannan karatu, ya ce kuskuren masu kwafi ne. To amma duba: da Latin sunan “Nero” ne, babu nun na ƙarshe. Cire 50 daga 666, me ya rage? 616. Suna ɗaya ya warware lambobin biyu, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi da masu ra’ayin ke da ita.

Sai dai a yi adalci. Irenaeus, wanda ya fi mu kusa da zamanin, bai ambaci Nero ba ko kaɗan. Ya kawo wasu sunaye uku na Girkanci da ke ba da 666, ɗaya cikinsu na nufin “Balatine”, sannan ya gargaɗi mutane su daina cinke. Akwai kuma masu tambayar yadda za a sa ran masu jin Girkanci su yi lissafi da Ibrananci, da masu ganin shida uku alama ce ta abin da ya gaza kaiwa bakwai, lambar cika. Kiristoci da dama kuma, a matsayin aƙida, na ɗaukar littafin yana maganar abin da ke tafe. Tarihi ba ya yanke hukunci a kan imani. Abin da zai iya nunawa shi ne yadda masu sauraro na farko suka fi yiwuwa su fahimci saƙon.

Kowane zamani da dabbarsa

Lissafin na da rauni guda. Daga suna zuwa jimla hanya ɗaya ce, amma daga jimla zuwa suna hanyoyi ba su ƙirguwa. Idan an ba ka damar zaɓar yare, ka ƙara laƙabi, ka sauke harafi, to babu wanda ba za ka iya mayarwa 666 ba. Tarihi ya nuna haka.

A 1213, Fafaroma Innocent na Uku, yana kiran sabon yaƙin ’yan Salibiyya, ya fassara lambar da adadin shekarun da Musulunci zai yi, ya ce kusan 600 sun wuce. Wa’adin ya cika ya wuce, a 1291 ma ’yan Salibiyyar ne suka rasa Akka. A zamanin rikicin Katolika da Furotesta, Michael Stifel, abokin Martin Luther kuma gwanin lissafi, ya fitar da 666 daga sunan Fafaroma Leo na Goma, wani malamin Katolika kuma, Petrus Bungus, ya fitar da ita daga sunan Luther. Stifel bai tsaya nan ba, ya ce duniya za ta tashi ranar 19 ga Oktoba 1533 da ƙarfe takwas na safe. Manoman garinsa suka bar gonakinsu, ranar ta zo ta wuce, aka kama shi, ya rasa muƙaminsa. A Amurka, mabiyan William Miller sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu har sun sayar da dukiyarsu. A ƙasar dai, an lura sunayen Ronald Wilson Reagan uku kowanne harafi shida ne, kuma lambar gidan da ya koma bayan mulki, 666, an mayar da ita 668. A 2003 aka sauya wa wata babbar hanya lamba daga 666 zuwa 491.

Layukan jikin kaya fa? Dogayen layuka biyu-biyu da ke farko, tsakiya da ƙarshe sun yi kama da tsarin lamba 6 a ido, amma na’urar ba ta karanta su a matsayin lamba. Kowace lamba na cin gurbi bakwai, su kuwa na gefe gurbi uku ne, na tsakiya biyar. Aikinsu kawai su nuna wa na’urar inda za ta fara da inda za ta tsaya. Allurar korona kuma an wallafa abubuwan da ke cikinta, hukumomin magunguna na ƙasashe daban-daban sun bincika, babu wata na’ura a ciki.

Saboda haka idan saƙo irin wannan ya sake shigo maka, kafin ka tura wa wani, ka tambaya: da wane yare aka yi lissafin, harafi nawa aka ƙara ko aka sauke, kuma wa zai cutu idan aka gaskata? Manoman Stifel amfanin gonarsu suka yi asara. Wanda ya ƙi kai ɗansa rigakafi, asararsa ta fi haka.